Biyayya ga Takunkumin Karya Tattalin Arziki: Tsokaci a Kan Hujjojin da Aka Kafa Lokacin Rufe Iyakar Nijeriya da Nijar

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin hujjojin shari'a da aka riƙa kafawa a kan hukuncin bin takunkumin da Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar daga watan Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024. Hujjojin sun kasu gida biyu: masu wajabta biyayya gaba ɗaya bisa ɗa'a ga shugaba da cika alkawari, da masu soke takunkumin gaba ɗaya bisa kamanta shi da ƙauracewar da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim. Muƙalar ta auna kowace hujja da asalin da aka ciro ta, ta gano cewa ɓangarorin biyu sun yi tarayya a aibi guda, wato ɗaukar takunkumi a matsayin abu ɗaya mai hukunci ɗaya. Ta kammala da cewa hukuncin biyayya yana sauyawa gwargwadon kayan da aka hana, da wanda cutar hanin take faɗa wa, da matsayin wanda ake neman biyayyarsa.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mas'alar takunkumin karya tattalin arziki ta daɗe tana zuwa wa ɗaliban ilimi na ƙasar Hausa a matsayin labarin nesa: Iraƙi, Libiya, Iran, Sudan. A shekarar 2023 ta shigo gida. Direban tirela da ke tsaye a Illela, da falken da ya saba kai kaya Maraɗi ta Jibiya, da ma'aikacin banki a Kano da aka hana shi tura kuɗi Yamai, duk sun wayi gari suna bukatar amsar tambaya ɗaya: shin bin wannan umarni wajibi ne a addini, ko halal ne, ko kuwa taimakekeniya ce a kan zalunci? An ba su amsoshi a huɗubobi da majalisun karatu da shirye-shiryen rediyo. Yanzu da ƙura ta lafa, ya kamata a koma a duba ingancin waɗancan amsoshi, domin takunkumi makami ne da ba a daina amfani da shi ba, kuma tambayar za ta sake dawowa.

Muƙalar ba ta shiga hukuncin juyin mulki ba, ba ta kuma shiga batun barazanar yaƙi da aka yi a lokacin ba. Ta taƙaita ga hukuncin biyayyar ɗan ƙasa Musulmi ga umarnin yanke ciniki da wata ƙasa.

2.0 Abin da Takunkumin Ya Ƙunsa

Malaman usulu sun yi ittifaƙi cewa ba a hukunta abu sai an san haƙiƙarsa. Saboda haka sai an fara da bayanin abin da aka umarta.

A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi ragama. A ranar 30 ga watan shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka yanke shawarar rufe iyakokin ƙasa da na sama, da dakatar da hada-hadar kasuwanci da ta kuɗi, da dakatar da ayyukan da suka haɗa da wutar lantarki, da riƙe kadarorin gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin, da hana jami'an sojan da suka yi juyin mulki tafiye-tafiye tare da riƙe dukiyarsu. A farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar take amfani da ita.

Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci ga mai fatawa a nan. Na farko, umarnin ya tattara abubuwa mabambanta: akwai wanda ya nufi mutane ƙididdigaggu, akwai wanda ya nufi baitulmalin gwamnati, akwai kuma wanda ya faɗa kan kowa da kowa. Na biyu, sanarwar ba ta toge abinci da magani ba, alhali takunkumin da ƙungiyar ta sa wa Mali a watan Janairun 2022 ya toge kayan masarufi da magunguna da man fetur da wutar lantarki. Na uku, Nijar ba ta da gaɓar teku, iyakarta da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, kuma an rufe ta ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. An ɗage mafi yawan takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024 bisa dalilan jin ƙai, Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta a ranar 13 ga Maris, a kwanakin farko na Ramadan.

3.0 Hujjojin Masu Wajabta Biyayya

3.1 Ɗa'a da cika alkawari

Masu wannan ra'ayi sun dogara da aya ta 59 ta Suratun Nisa'i a kan ɗa'a ga majiɓinta al'amari, da ayar farko ta Suratul Ma'ida a kan cika alkawura. Suka ce Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Dakar ta 2001 wadda ta ƙi amincewa da mulkin da aka ƙwata ba bisa tsari ba, don haka zartar da hukuncinta cika alkawari ne. Suka ƙarfafa wannan da sulhun Hudaibiyya, inda Annabi (SAW) ya mayar da Abu Jandal ga Ƙuraishawa yana cikin mari, duk da ɗacin da hakan ya yi wa sahabbai.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma masu suka ba su yi mata adalci ba. Shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslaha, kuma asarar riba ba uzuri ba ce ta saɓa masa. Da kowane falke zai zama alƙalin kansa a kan wace doka ce ta hau kansa, da babu iyakar da za ta tsaru, kuma mutanen Zamfara da Sakkwato sun fi kowa sanin abin da ke ratsowa ta iyakar da ba ta da tsaro.

Rauninta yana wurin da aka tsayar da ita. Hadisin da ya zo a Buhari da Muslim game da kwamandan da ya umarci rundunarsa su shiga wuta ya iyakance ɗa'a ga abin da shari'a ta san shi da kyau. Ƙa'idar da Suyuɗi ya kawo a Al-Ashbah wan Naza'ir ta ɗaure tasarrufin shugaba a kan talakawansa da maslaha. Haka kuma alkawari ba ya halatta abin da yake haram a asalinsa. Abin da aka jure a Hudaibiyya cuta ce da Musulmi suka ɗauka a kansu domin cika sharaɗin da suka ƙulla. Ba a ɗora wa wasu bayin Allah da ba su san hawa ba su san sauka ba yunwa domin a matsa wa shugabanninsu. Sannan alkawuran ba ɗaya ba ne. Yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 1979 alkawari ce, cinikin wutar lantarki tsakanin ƙasashen biyu shi ma alkawari ne. Wanda ya kafa hujja da ayar Ma'ida a kan ɗaya ya yi shiru a kan sauran, aikin rinjayarwa yana nan a kansa bai yi ba.

3.2 Ƙissar Sumamatu ɗan Usal

Wannan ita ce hujjar da aka fi jawowa a kan halaccin takunkumi. Sumamatu (RA) shugaba ne a Banu Hanifa ta Yamama. An kama shi aka ɗaure a ginshiƙin masallacin Madina, Annabi (SAW) ya sake shi ba fansa, ya musulunta, ya tafi umara. Da mutanen Makka suka goranta masa barin addininsu, sai ya yi rantsuwa cewa alkamar Yamama ba za ta ƙara isa gare su ba sai da iznin Annabi (SAW). Iyakar ruwayar Buhari da Muslim ke nan, kuma a nan masu hujjar suke tsayawa.

Amma ƙissar tana da ƙarshe, wanda Ibn Hisham ya kawo a Sira. Da hanin ya tsananta, Ƙuraishawa suka rubuta wa Annabi (SAW) suna roƙonsa da zumuncin da ke tsakani, shi kuma ya rubuta wa Sumamatu ya sakar musu abinci. Wanda ya karanta ƙissar cikakkiya zai ga hukunci biyu. Akwai tabbatarwa a kan asalin matsin tattalin arziki, tunda ba a yi wa Sumamatu inkari ba tun farko. Akwai kuma iyakar da matsin ke tsayawa, wato yunwar jama'a. Waɗanda aka sakar wa alkamar mushirikai ne masu gaba da Musulunci, kuma zumuncin da suka roƙa da shi an karɓa. To ina ga mutanen Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, waɗanda alƙibla ɗaya ta haɗa mu, auratayya ta cakuɗa mu, har sarautar Maraɗi ba ta rabu da sunan Katsina ba? Ɗaukar farkon ƙissa a bar ƙarshenta aibi ne a hanyar kafa hujja, ko da sakamakon da aka fitar ya dace.

3.3 Babin fatauci zuwa ƙasar abokan gaba

Wasu sun koma ga littattafan mazhaba, kuma lalle akwai abin ɗauka. Mudawwana ta ware babi a kan fatauci zuwa ƙasar abokan gaba, inda aka ruwaito tsananin ƙin Imamu Malik ga hakan. Ibn Rushd kaka (ya rasu 520H) ya bayyana a Al-Muƙaddimat cewa wajibi ne shugaba ya hana wannan tafiya, ya kafa masu tsaro a kan hanyoyi. Wansharisi ya kawo a Al-Mi'iyar fatawar Maziri (ya rasu 536H) da ta hana zuwa Siƙilliya sayen abinci duk da bukata. Shaɗibi ya hana mutanen Andalus sayar wa abokan gaba kayan yaƙi ko da za su sami abinci a madadinsu. A kan sayar musu da abinci kuwa, Dasuƙi ya kawo saɓani: Ibn Habib ya halatta a lokacin sulhu, an kuma jingina wa Ibnul Ƙasim hani ba tare da rarrabewa ba. Har a babin 'yan tawaye, masu sharhin Mukhtasar na Khalil sun ambaci yanke musu guzuri da ruwa a cikin hanyoyin yaƙarsu.

Wannan ya isa ya nuna cewa fiƙihunmu ya san hanin ciniki, ya san shingen kan hanya, kuma mai cewa Musulunci bai san takunkumi ba sam bai karanta ba. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana da illar da aka rataya shi a kanta. Illar ƙin Malik ita ce hukuncin kafirci zai gudana a kan falke Musulmi. Illar fatawar Maziri da ta Shaɗibi ta haɗa da ƙarfafa maƙiyin da ke yaƙar Musulmi da dukiya ko makami. Yanke guzuri ga 'yan tawaye kuma yana magana ne a kan runduna mai ɗauke da makami da ta ja daga, ba al'ummar ƙasa sukutum da matanta da 'ya'yanta da majinyatanta ba. Babu ɗaya daga cikin illolin nan da ta tabbata a kan buhun masara da aka nufi kasuwar Maraɗi da shi.

Ɗalibin Risala yana da darasi na kusa a kan wannan. Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H) ya haɗa ƙasar Sudan, wato ƙasashen baƙar fata, da ƙasar abokan gaba wajen karhanta fatauci zuwa gare su. Malamanmu sun karantar da wannan wuri ɗaruruwan shekaru a Kano da Katsina da Agadas, ba wanda ya fahimci cewa zuwa kasuwar Kurmi makaruhi ne, domin sun san hukuncin ya bi halin da ƙasar take ciki a zamanin marubucin, da halin ya gushe hukuncin ya bi shi. Abin da aka yi wa wannan jumla shi ya kamata a yi wa babin gaba ɗaya kafin a ɗora shi a kan maƙwabciya Musulma.

4.0 Hujjar Masu Soke Takunkumin

Ɗaya ɓangaren ya kamanta abin da ya faru da takardar da Ƙuraishawa suka rataya a Ka'aba a shekara ta bakwai bayan aike, suka haramta ciniki da auratayya da Banu Hashim da Banul Muɗɗalib, har aka shafe kimanin shekara uku a Shi'ibu Abi Ɗalib. Suka ce tarihi ya yabi waɗanda suka karya ta: Hisham ɗan Amr da yake kora raƙumi da kayan abinci cikin dare zuwa bakin kwarin, da Hakim ɗan Hizam da ya ɗauki alkama zuwa ga gwaggonsa Nana Khadija (RA), da mutum biyar da suka tashi aka yage takardar. Suka ƙara da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, da aya ta 164 ta Suratul An'am da ta kore ɗaukar laifin wani a kan wani. Daga nan suka fitar da cewa takunkumin ɓatacce ne, ƙetare shi kuma aikin lada ne.

Gaskiyar da ke cikin wannan hujja ita ce ta gano wurin ciwon: yi wa al'umma kuɗin goro a kan laifin da wasu ƙalilan suka yi. Talakan Tawa bai yi juyin mulki ba, ba a kuma shawarce shi ba. Wannan aibi ba malaman Musulunci kaɗai suka gan shi ba. Takunkumin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa Iraƙi da ƙuduri mai lamba 661 a 1990 ya kai ga manyan jami'an agaji biyu na Majalisar a Bagadaza, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, sun ajiye aiki domin nuna ƙin abin da yake yi wa fararen hula. A watan Disambar 2022 Kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 da ya toge ayyukan agaji daga matakansa na riƙe kadarori. Ke nan ko a ma'aunin al'adar ƙasashen duniya ta yau, sanarwar Abuja ta koma baya.

Amma ƙiyasin yana da gurɓi a wurare uku. Na farko, takardar Ƙuraishawa an rubuta ta ne domin a miƙa Annabi (SAW) a kashe shi, manufarta kafirci ce tsantsa. Manufar da ECOWAS ta bayyana ita ce mayar da zaɓaɓɓen shugaba da sakinsa daga tsare, abin da ake iya saɓani a kan hanyarsa ba tare da an daidaita shi da waccan ba. Na biyu, ƙiyasin bai rarrabe ba. Idan hana gero isa ga mai jin yunwa zalunci ne, hana janar tafiya ko riƙe asusunsa ba ya shiga wannan hukunci, kuma ayar An'am hujja ce a kan halaccinsa, tunda mai laifin aka nufa. Na uku, kuma shi ne mafi hatsari a aikace, Hisham ɗan Amr bai sayar da kayan raƙuminsa ba. Wanda ya bi ta barauniyar hanya da jarkokin fetur ko buhunan shinkafa, ya ba da cin hanci a kowane shinge, ya sayar ninkin ba ninkin ga mutanen da ya san ba su da zaɓi, ba magajin Hisham ba ne. Ya ci riba ne daga takunkumin, kuma da za a tambaye shi da ya so ya daɗe. Fatawar da ba ta bambance tsakanin waɗannan biyu ba ta zama rigar da 'yan fasa-ƙwauri suke sawa, an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin lura a ƙarshen ƙissar. Abincin dare ya rage raɗaɗi, amma abin da ya kawo ƙarshen ƙauracewar shi ne tsayuwar Zuhair ɗan Abi Umayya da abokansa a bainar jama'a suna ƙalubalantar takardar. Makamancin wannan a zamaninmu shi ne matsayar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗauka a taronta na Wagadugu a 1998, inda ta bayyana a fili cewa za ta daina bin wani sashe na takunkumin da aka sa wa Libiya. Haka tawagar malaman Nijeriya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau da ta gana da Janar Tchiani a Yamai a watan Agustan 2023 ta fi kusa da aikin mutum biyar ɗin nan fiye da duk wani mai ratsa daji da babur.

5.0 Asalin da Aka Yi Wa Rowar Kulawa

Abin mamaki ne yadda ɓangarorin biyu suka wuce ƙissar da ta fi kowace kusa da mas'alar, wato ƙauracewar da Annabi (SAW) ya umarta a kan Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya (RA) bayan yaƙin Tabuka. A nan halattaccen shugaba ne ya umarci Musulmi su ƙaurace wa Musulmi, suka kuma bi. Siffofinta su ne ma'auni. Ta tsaya a kan mutum uku da suka amsa laifinsu, ba ta shafi danginsu ba. Ba ta taɓa abinci ba, domin Ka'abu da kansa ya ba da labarin yana zaga kasuwa yana halartar salla. Da matar Hilal ta bayyana cewa mijinta tsoho ne ba shi da mai hidima, an yi mata izni ta ci gaba da yi masa hidima, wanda shi ne asalin abin da ake kira togiyar jin ƙai a yau. Kuma ta ƙare cikin kwana 50 da karɓar tuba, kamar yadda aya ta 118 ta Suratut Tauba ta tabbatar.

Ƙissar ta kuma nuna haɗarin da ke tattare da ƙauracewa. Ana cikin kwanakin ne wasiƙar sarkin Gassan ta iso wa Ka'abu tana kiransa ya koma can a girmama shi, shi kuwa ya jefa ta a tanderu. Ba kowa ne Ka'abu ba. Wanda 'yan'uwansa suka rufe wa ƙofa, wani zai buɗe masa tasa. A watan Satumbar 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, a ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewa daga ECOWAS, an kuma ɗage takunkumin ba tare da Bazoum ya koma mulki ko an sake shi ba. Duba makomar aiki sharaɗi ne a ijtihadi kamar yadda Shaɗibi ya shimfiɗa a Al-Muwafaƙat, kuma matakin da cutarsa tabbatacciya ce, amfaninsa abin zato, ba a ba shi hukuncin maslaha kai tsaye.

6.0 Rarrabewar da Ta Kamata

Daga abin da ya gabata, amsar da ta fi kusa da daidai tana bukatar rarrabewa ta fuska uku.

Ta fuskar kaya: makami da duk abin da ke ƙarfafa masu riƙe da shi, da dukiyar mutanen da aka ambata da sunansu, bin hani a kansu wajibi ne. Kayan ciniki na yau da kullum da rayuwa ba ta rataya a kansu ba, bin hani a kansu shi ma wajibi ne ko da an yi asara, tare da haƙƙin kai kuka ta halattacciyar hanya. Abinci da magani da abin da asibiti ba ya aiki sai da shi, shugaba ba shi da ikon yanke su ga fararen hula domin matsa wa wasu, kuma wanda ya kai wa mabukaci gwargwadon bukatarsa ba domin cin kazamar riba ba, ba a ce masa mai saɓon Allah. Wannan dabam yake da hana fitar da hatsi saboda ƙarancinsa a gida, wanda maslaha ce sananniya kuma ana bin shugaba a kanta.

Ta fuskar wanda aka umarta: nauyin farko yana kan mai sa hannu da masu ba shi shawara, su ne za a tambaya me ya sa togiyar da aka yi wa Mali ba a yi wa Nijar ba. Jami'in kan iyaka yana zartar da umarni a dunƙule, amma umarni ba ya zama uzuri gare shi idan ya harbi mai ɗauke da buhun gero, ko ya ƙwace kaya ya sayar, ko ya mayar da shingen wurin karɓar na goro. Falke kuma ba ya halatta wa kansa ƙarya a takarda ko rantsuwar ƙarya ko ɓoye kaya domin su yi tsada da sunan taimakon 'yan'uwa.

Ta fuskar mai umarnin: takunkumin da gwamnatin mutum ta zartar yana shiga babin ɗa'a da sharuɗɗanta. Wanda wata ƙasa ta sa ita kaɗai, kamar na Amurka a kan Sudan daga 1997 zuwa 2017, ba ya hawa kan Musulmin wata ƙasa ta babin ɗa'a, domin ba shugabansa ba ne. Yana iya hawa kansa ta babin sharaɗin da bankinsa ya ƙulla da abokan hulɗarsa, ko ta babin kare dukiyar masu ajiya, tunda tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa a 2014 ta nuna girman haɗarin. Abin da aka bi saboda lalura kuwa ana tsayawa ne a gwargwadonta. Ma'aikacin da ya ƙi tura kuɗin makaranta ko na magani da doka ba ta hana ba, don kawai sunan ƙasar ya ba shi tsoro, ya ƙara wa takunkumin abin da masu shi ba su sa ba, kuma wannan ƙarin nasa ne.

7.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa nassoshin da ɓangarorin biyu suka kawo ingantattu ne, matsalar tana wurin tabbatar da illar hukunci a kan abin da ya faru. Masu wajabtawa sun yanke ƙissar Sumamatu a tsakiya, sun kuma ɗauko babin abokan gaba suka ɗora wa maƙwabta. Masu sokewa sun kamanta kowane sashe na takunkumin da takardar Ƙuraishawa, ba su kuma rufe ƙofar da masu cin riba suka shiga ta cikinta ba. Ana ba da shawarar cewa majalisun fatawa da sassan nazarin shari'a na jami'o'inmu, a ɓangarorin iyakar biyu, su tsara matsaya rubutacciya a kan sharuɗɗan takunkumi tun kafin wata fitinar ta taso: ya nufi mai laifi, ya toge abinci da magani da wutar asibiti, ya kasance da wa'adi da ƙofar fita. Nasihar da aka kai wa shugaba kafin ya sa hannu ta fi amfani ga talaka fiye da fatawar da za a ba direba bayan kayansa sun ruɓe a bakin iyaka.

Allah Shi ne Mafi sani, kuma gare Shi muke neman dacewa.